Ra'ayinmu: Tauraron fim ma yana tsufa, me muka tanadar wa namu?

Duk wanda ya tashi a Agye, Gazawa ko Gidan Runji daga shekarun 1990 zuwa na 2000 ya san rumfar bidiyo. Zana ce aka kewaye, da benci huɗu ko biyar, janareto yana ruri a bayan katanga, a ƙofa kuma ga allo an rubuta fim ɗin dare da alli. Da dala biyar ko dala goma yaro zai shiga ya ga Rambo ya gama da bataliya guda shi kaɗai, ya ga Kwamando, ya ga Chuck Norris da Bruce Lee. Iyayenmu da suka riga mu shiga gidajen silima na Maraɗi su kuma nasu gwanayen kaboyi ne: Charles Bronson, Lee Van Cleef, Clint Eastwood. Har yau a tashoshin mota da ke kan babbar hanyar Ƙonni zuwa Tasawa ba a rasa wani kamasho ko ɗan kabu-kabu da ake kira da ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, wani ma an manta sunansa na yanka.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yadda samarinmu da ƴan matanmu suka duƙufa ga harkar wasa. Da wayar salula ɗaya ana haɗa wasan barkwanci a Caduwa ko a Tsibiri a ɗora a YouTube ko TikTok. Wasu sun bar gona, wasu sun bar lakwal, wasu sun haye Jibiya sun nufi Kano da zaton daga an gan su a fim an gama da talauci. Ba mu ga laifin mai neman na kansa ba, kuma wasa sana'a ce da ta daɗe a ƙasar Hausa. Amma akwai rabin labarin da rumfar bidiyo ba ta taɓa nuna mana ba, wato abin da ya sami waɗannan gwanaye bayan an kashe kyamara. Wannan rabin shi ya fi shafar yaranmu.

Mu fara da waɗanda muka fi sani. Charles Bronson, wanda aka haifa a 1921, ɗan gidan talakawa ne masu haƙar kwal a jihar Pensilbaniya, shi ma ya shiga ramin kwal kafin ya tafi soja. Ya yi shekara da shekaru yana fitowa a ƙananan matsayi, sai da ya haura shekara 45, kuma sai da ya je Turai, sannan sunansa ya fito sosai. Lee Van Cleef ya fara fitowa a 1952 cikin High Noon, ya yi ta fitowa a matsayin mugun da ake harbewa kafin fim ya kai rabi. A farkon shekarun 1960 aiki ya yi masa ƙaranci har ya koma zanen hotuna yana neman abin sawa a baka, kafin Ba'italiyen nan Sergio Leone ya neme shi a 1965. Bruce Lee kuwa, bayan ya fito a wani shirin talabijin na Amurka a 1966 a matsayin yaron jarumi, bai ga wata ƙofa a buɗe ba, dole ya koma Hon Kon, can ya yi suna, ya mutu a 1973 yana da shekara 32. Woody Strode, baƙar fatar nan mai tsawo da aka gani cikin Spartacus a 1960, shi ma sai a Italiya ya fara samun kuɗin da ya dace da aikinsa. Waɗannan su ne masu sa'a. A bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwa da suka tsufa suna jiran kiran da bai zo ba.

Ko samun sunan ma ba ya hana faɗuwa. Mickey Rooney shi ne ɗan wasan da ya fi kowa jawo ƴan kallo a Amurka daga 1939 zuwa 1941. A 1962 ya je kotu ya ce ya karye. A 2011, yana tsoho tukuf, ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar yana ba da labarin yadda ake zaluntar tsofaffi a cikin gidajensu, da kansa ya ba da misali. Da ya mutu a 2014, abin da aka lissafa ya bari bai wuce dalar Amurka 18,000 ba, mutumin da ya yi fiye da shekara tamanin yana wasa. Gary Coleman, ɗan ƙaramin yaron nan mai ban dariya na shirin da masu jin Faransanci suka sani da Arnold et Willy, ya yi tashe daga 1978 zuwa 1986. Da ya girma sai da ya kai iyayensa da mai kula da dukiyarsa kotu. A 1999 ya karye, ya yi aikin gadi, ya mutu a 2010 yana da shekara 42. Shi kansa Sylvester Stallone, Rambon namu, wanda ba ya cikin masu kukan yunwa, ya sha fitowa yana ƙorafin cewa fim ɗin Rocky da ya rubuta da hannunsa ya kuma fito a ciki a 1976, ba shi da ko ƙwayar mallaka a cikinsa, don takardar da ya sa wa hannu lokacin yana matashi marar ko sisi ba ta ba shi ba. Idan takarda ta yi wa Rambo haka, ina ga wanda ko takardar ba a rubuta masa ba?

To amma ba don mu tausaya wa Amurkawa muka kawo waɗannan sunaye ba, suna da masu tausaya musu. Abin dubawa shi ne matakin da ƴan wasan can suka ɗauka da suka ga irin wannan ƙarshe yana cin ƴan uwansu.

A 1921, tun fim bai fara magana ba, manyan ƴan wasa irin su Mary Pickford, Charlie Chaplin da Douglas Fairbanks suka kafa asusun taimakon ma'aikatan fim. Farkonsa ba wani abin a zo a gani ba ne: akwatuna aka ajiye a wuraren ɗaukar fim, kowa ya jefa canjin da ya rage masa. A 1932 suka tsara cewa duk mai samun sama da dalar Amurka 200 a mako ya yarda a riƙa cire masa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashinsa ana zubawa a asusun. Daga 1939 kuma suka shiga wani shirin wasan kwaikwayo na rediyo, inda taurari ke zuwa su yi wasa, kuɗin da ya kamata a biya su a zuba shi a asusu. Da wannan kuɗi na rediyo aka gina gidan tsofaffin ƴan fim a Kalifoniya wanda aka buɗe a 1942, aka ƙara masa asibiti a 1948. A wannan asibiti Hattie McDaniel ta cika a 1952, baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar a 1940, matar da ta ƙare rayuwarta tana fitowa a matsayin ƴar aikin gidan Turawa don shi ne kaɗai matsayin da ake ba irinta. Gidan yana nan yana aiki har yanzu.

Sai ƙungiyar ƙwadago. A 1933 ƴan wasa suka kafa tasu, lokacin da kamfanoni ke riƙe mutum da yarjejeniyar shekara bakwai, su sa shi aiki dare da rana, su kore shi ranar da suka ga dama. Babbar karawar ta zo a 1960. Talabijin ta shigo, kamfanoni suna sayar mata da tsofaffin fina-finai suna kwasar kuɗi, waɗanda fuskokinsu ke ciki ba sa ganin komai. Ƙungiyar ta shiga yajin aiki daga 7 ga Maris zuwa 18 ga Afrilu, kuma shugabanta a lokacin shi ne Ronald Reagan, wanda daga baya ya shugabanci Amurka daga 1981 zuwa 1989. Abin da suka samo shi ne: duk fim ɗin da aka yi daga 1960 zuwa gaba, idan an sake nuna shi a talabijin, ɗan wasa yana da kasonsa, sannan aka kafa asusun fansho da na kula da lafiya wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi. An yi asara a cinikin, domin fina-finan da aka yi kafin 1960 ba su shiga cikin rabon ba, kuma tsofaffi irin su Rooney sun mutu da wannan takaici. Duk da haka, daga ranar aka daina ɗaukar ɗan wasa a matsayin wanda ake sallama da na goro.

Kada a ɗauka can aljanna ce. A 2023 ƙungiyar, mai mambobi kimanin 160,000, ta sake yin yajin kwana 118 a kan kason fina-finan da ake kallo ta intanet da kuma batun kwaikwayon fuska da muryar mutum da na'ura. A lokacin ne duniya ta ji cewa mafi yawan mambobinta ba sa samun abin da ya kai ƙa'idar shiga inshorar lafiya ta ƙungiyar a shekara. Bambancin kawai shi ne suna da inda za su tsaya tare su yi magana da murya ɗaya, kuma akwai takardar da za a buɗe a karanta idan gardama ta tashi.

Yanzu mu dawo gida, don labarin ƴan wasan Amurka ya daɗe da shiga cikin namu fiye da yadda matasa suka sani. A 1957 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim a unguwar Treichville ta Abijan da wasu ƴan Nijar ƴan ci-rani. A cikin fim ɗin, Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, kowannensu ya ɗauki sunan wani tauraron da yake gani a silima: wannan Eddie Constantine, wancan Tarzan, budurwar kuma Dorothy Lamour. Jagoransu, wani tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya kira kansa Edward G. Robinson. Sunansa na gaskiya Umaru Ganda. Shi ne ya dawo Yamai ya yi Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙi da kuɗi abokai suka taya shi cinyewa suka watse, sannan ya yi Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Ɗan Nijar ne ya fara ɗaga wannan kofi kafin kowa a Afirka. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981 yana da shekara 45, aka sa wa cibiyar al'adu ta Yamai sunansa.

A 1966 kuma Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi da sababbin sunaye, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Tun shekara sittin da suka wuce wannan bawan Allah ya hango abin da kwaikwayon baƙo ido rufe ke jawowa. Jingare Maiga ya fito da sunan Black Cooper, wata yarinya ƴar Yamai da ba ta kai shekara ashirin ba kuma ta fito da sunan Sarauniya Christine. Ita ce Zalika Sule.

A kan Zalika ya kamata mu daɗe. Ita ce mace ta farko a ƙasar nan da ta mayar da fim sana'a, ta fito a fina-finan Alasan da na Ganda da na Maiga, ta wakilci Nijar a bukukuwa a ƙasashen duniya, an ɗauke ta hoto da manya. A gida kuwa, da yake sau da yawa matsayin mace marar kamun kai ake ba ta, mutane suka kasa raba wasa da gaskiya, ta sha zagi da tsangwama. Da harkar silima ta durƙushe a shekarun 1980, babu fansho, babu kaso, babu asusu. Lokacin da Rahmatu Keita ta ɗauki fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, an ga tauraruwar Nijar a ɗan ƙaramin gidan da ko famfo babu, tana fama da abin da za ta ciyar da ƴaƴanta, daga baya ma ta bar ƙasa ta tafi aikatau. Hattie McDaniel ta yi ƴar aiki a fim ta cika a asibitin da abokan sana'arta suka gina. Zalika ta yi sarauniya a fim ta koma ƴar aiki da gaske. Ta rasu a Yamai a watan Yulin 2021, aka yi ta jawaban yabo. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Ganda, da Damure Zika da ya rasu a 2009, da Alasan da ya rasu a 2015.

Haka kuma ba mu manta da masu wasan kwaikwayon Hausa na Muryar Sahel da Tele Sahel ba, irin su ƙungiyar Yazi Dogo da ta Damagaram, da ɗimbin ƴan samariya da suka riƙa wakiltar garuruwansu a bikin matasa na ƙasa tun daga 1976. Kowace gunduma ta jahar Maraɗi tana da nata. Wasu suna nan da rai a cikin unguwanninmu, sun tsufa, ido ya raunana, yaran da ke wucewa ta ƙofar gidansu da waya a hannu ba su san su ba. Kaset ɗin wasanninsu, inda bai lalace ba, yana cikin kabad ɗin wani ofishi.

A tsallaken iyaka, inda kasuwar ta fi girma nesa ba kusa ba, labarin bai canza ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar Kano ta fitar da dubban fina-finai, kuma jahar Maraɗi na cikin manyan kasuwanninta. Kaset da faifan da suka bi ta Ɗan Isa suka shigo ba su ƙirguwa. Rabilu Musa Ibro ya ba mu dariya har ya rasu a Disambar 2014, Kasimu Yero ya bi shi a 2017, Samanja Mazan Fama a 2023. Sau nawa muka ji an fito a rediyo ko a Facebook ana neman taimakon kuɗin magani ga wani tsohon ɗan wasa? A Fabrairun 2022 dattijuwar nan Ladin Cima ta faɗa a wata hira da sashen Hausa na BBC cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Masana'antar ta ɗauki zafi, wasu masu shirya fim suka fito suka musanta, wasu suka goyi bayanta, aka yi mako ana cacar baki. Mu ba alƙalai ba ne a wannan shari'a. Abin da muka lura da shi shi ne, da akwai farashi sananne da yarjejeniya a rubuce, da gardamar ba ta kai kwana ɗaya ba.

Mun san abin da wasu masu karatu za su ce. Za su ce yankin da ya ga yunwar 2005, yankin da tun 2019 yake karɓar dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, inda manomin Gidan Runji ke kwana da fargabar ɓarayin shanu da masu satar mutane, ina shi ina zancen fanshon ƴan wasa? Maganarsu tana da nauyi. Sai dai duk lokacin da aka tashi faɗakar da jama'a a kan rigakafi, ko auren wuri, ko zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya, ko karɓar baƙin da suka gudo, wa ake kira? Ƴan wasan nan ne ake ɗora wa mota a kai su dandalin ƙauye, ko a sa su gaban makirufo a rediyon karkara. Idan aiki ya ƙare a ba su kuɗin abinci da na mota, a ɗauki muryarsu a yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Wanda ake nema ranar wuya bai kamata a ce maganarsa ba ta da gurbi ba. Wasu kuma za su ce ai sana'ar ce ba ta da albarka, shi ya sa masu ita ke ƙarewa haka. Malamai suna da abin faɗa a kan abin da ya dace a nuna da wanda bai dace ba, kuma muna sauraronsu. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya halatta a ci gumin ma'aikaci ba, kuma umarnin a rubuta yarjejeniya idan an ƙulla mu'amala ba daga Holiwud ya zo mana ba.

Saboda haka ga abin da muke gani. Na farko yana hannun ƴan wasan kansu, kuma ba sai sun je Kalifoniya koyo ba. A nan jahar Maraɗi aka haifi tsarin Mata Masu Dubara a 1991: mata ashirin ko talatin su haɗu kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, a ajiye a akwati, a ba da rance, a ware wani kaso na taimakon wadda rashin lafiya ko rasuwa ta sama. Daga ƙauyukanmu wannan dubara ta bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Akwatin da Mary Pickford ta ajiye a 1921 bai fi na iyayenmu mata komai ba. Idan macen da ke sayar da ƙuli-ƙuli a kasuwar Gazawa za ta iya riƙe asusu shekara da shekaru ba a ji kansu ba, ƙungiyar wasa mai mutum goma sha biyar ba ta da hujja. Kowane aiki aka samu, a cire wani abu tun kafin a raba, ko da dala ashirin ce a cikin kowace jika, a rubuta a littafi, a ba mutum biyu ko uku amanar makulli. Ƙungiyoyin Agye, Gazawa da Gidan Runji su haɗa kai su yi rajista a hukumance su tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya ɗan wasa a yini, yadda mai neman aikin faɗakarwa ba zai bar wannan ƙungiya ya tafi ga waccan don ta fi araha ba. Mun san ba abu ne mai sauƙi ba, don hassada da son girma sun kashe ƙungiyoyi da yawa a gabanmu, kowa yana so a ce shi ne shugaba. To Chaplin da Fairbanks ma ba ƙananan masu ji da kai ba ne, amma sun zauna a tebur ɗaya.

Sai takarda. Kada yaro ko yarinya su sake tsayawa gaban kyamarar wani ba tare da an rubuta abu uku ba: nawa za a biya, yaushe, kuma wa ke da fim ɗin idan ya fara kawo kuɗi a intanet. Wannan na ƙarshen shi ne sabon ramin. Mutum ɗaya ke da tashar YouTube, sunansa ke kan asusun, shi kuɗi ke shigar wa duk wata, sauran da suka yi wasan an sallame su tun ranar ɗauka. Bidiyon zai yi shekara biyar ana kallo. Rigimar 1960 ke nan ta dawo da sabuwar riga, kuma gara a warware ta yau da ake abokai da a bari sai kuɗin ya yi kauri.

Batun yara ƙanana ya fi damun mu. Wasannin barkwanci da yawa da ke yawo a wayoyi yara ne ƴan shekara bakwai zuwa goma ke jan su. Amurka ta taɓa wannan wuta. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Chaplin cikin The Kid a 1921, ya tara miliyoyin daloli kafin ya balaga. Da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya iya ƙwatowa bai wuce dalar Amurka 126,000 ba. Wannan shari'a ta sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 da ake kira da sunansa, wadda a yau ta tilasta a ajiye kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ya samu a asusun da ba mai taɓawa sai ya girma. Mu ba mu ce a kwafo dokar Kalifoniya ba. Muna cewa uban da ya bari aka sa ɗansa a wasa ya tambayi ina rabon yaron, ya tabbata wasan bai hana shi lakwal da makarantar allo ba, kuma ya tuna bidiyon da ake dariya da shi yau yana nan ranar da yaron zai je neman aure.

Hukuma ma tana da nata. Ƙasar nan tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, tun shekarun 1990, tana da cibiyar kula da harkar silima ta ƙasa, CNCN. Ɗan wasan Cadakori ko na Gangara bai san ƙofar ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba laifinsa ba ne, don Yamai ta yi masa nisa da fiye da kilomita ɗari shida. Ya kamata wakilan waɗannan ofisoshi su riƙa fitowa rangadi gundumomi, su yi bayani da Hausa, su yi wa mutane rajista a inda suke. Gidajen rediyo da talabijin, na gwamnati da masu zaman kansu da na karkara, duk wanda ke cika lokacinsa da wasan wani ya biya abin da doka ta ce, kuma a buga a fili nawa aka tara, wa aka ba. Ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar ƴan wasa aikin faɗakarwa su rubuta a cikin yarjejeniya sau nawa za a maimaita shirin, in an wuce haka a ƙara biya.

Akwai kuma masu tura fina-finai a waya, waɗanda suka gaji rumfunan bidiyo. A kowace kasuwa za ka gan su da kwamfuta a kan tebur, suna cika katin waya da fina-finan Kano da na fassara da wasannin yaran gari a kan ƴan daloli. Ba mu neman a kore su, su ma abinci suke nema, kuma ta hannunsu wasan ke isa ƙauyen da intanet ba ta kai ba. Amma tun da ƙananan hukumomi suna karɓar harajin tebur a hannunsu, babu abin da zai hana a zauna da su da ƙungiyoyin wasa a yanka wani ɗan abu a kowane wata da zai shiga asusun ƴan wasan gundumar. Kakar aya da gero na tafe, lokacin da kuɗi ke ɗan zagayawa a Agye da Caduwa da Gazawa kuma tebura suka fi samun ciniki. Muna kira ga masu riƙe da ƙananan hukumomin nan da jami'an al'adu na gundumomin uku su kira wannan zama kafin a gama sussuka, kuma su fara da ƙidayar tsofaffin ƴan wasan samariya da na rediyo da ke raye a yankunansu, da sunan kowa da unguwarsa da halin da yake ciki.